Ranar Kasuwa Aka Sa Musu Karatu: Nazarin Lamarin Zaman 'Yan Mata a Wani Ƙauyen Gumel

Ƙauyen yana ƙasar Gumel, arewacin Jigawa, a gefen hanyar da motocin shanu da na hatsi ke bi zuwa kasuwar Maigatari. An sakaya sunansa da na mutanensa, domin maganar ta taɓa aure da cikin gidaje. Ƙasa ce mai yashi, noman damina kaɗai ake yi: gero, dawa, wake da gyaɗa na ci, riɗi da zoɓo kuma su ne kuɗin shekara. Akwai firamare, akwai Islamiyya, akwai famfon tuƙa-tuƙa biyu da ba kasafai suke lafiya lokaci ɗaya ba. Ƙaramar sakandare mafi kusa tana wani gari, tafiyar fiye da awa guda a ƙasa ta cikin gonaki. Idan gero ya tasa ya rufe hanya, ba uban da ke barin 'yarsa ta ratsa ita kaɗai.

A takarda, 'yar wannan gari ba ta rasa komai ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. A Disambar 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar. Shirin AGILE na Bankin Duniya, na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda ya fara a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi 7 har da Kano, ya faɗaɗa zuwa Jigawa bayan ƙarin dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2023. Sai dai akasarin aikinsa a cikin makarantun sakandare yake, wato sai yarinya ta kai bakin ƙofar sannan ya same ta. 'Yan matan da ake magana a kansu ba su kai ba. Suna gama aji shida, wasu tun kafin su gama, faranti ke hawa kansu, daga faranti kuma sai ɗakin miji. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma kashi 29 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 19 ne.

Kafawa da watsewa

A daminar 2022 wata ƙungiya mai zaman kanta ta zo daga Dutse da shiri na shekara guda. Tsarin ba baƙo ba ne a Arewa. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta shafe sama da shekara 15 tana gudanar da irinsa a ƙauyuka. A tara 'yan mata masu tasowa a wurin da iyaye suka aminta da shi, a ba su jagora mace 'yar gari, su riƙa haɗuwa duk mako ana koyon karatu da lissafi, kula da jiki, tattalin kuɗi, da yadda yarinya za ta faɗi abin da ke ranta. Jagorar da aka samu, wadda kowa ke kira Malama, ta yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel, aiki bai samu ba ta yi aure ta zauna. Aka ba ta horo na 'yan kwanaki, da tabarmi da allo da alli da littattafan rubutu, da ɗan alawus na wata.

An bi ƙa'ida wajen shiga gari. An je gaban dagaci, an zauna da masu unguwanni, an kai wa liman gaisuwa, an tara magidanta a ƙofar fada aka yi musu bayani suka ce Allah ya sa albarka. Duk wanda ake ganin yana da iko da yarinya an nemi izininsa. Wadda ke da iko da wunin yarinyar, daga asuba zuwa isha, ba wanda ya leƙa ɗakinta.

Aka sa zaman a wani ajin firamare da ke bayan gari, ba ƙofa ba taga. Ba a jima ba samari suka gano wurin, sai ka ga babura a jere a gindin katanga ana jiran a tashi, mata kuwa suka fara cewa an buɗe wa yara sabon dandali. Sannan aka tsayar da ranar Alhamis da la'asar. Hujjar tana da kyau in a ofis ake zaune: Alhamis ba Islamiyya, ba makarantar allo, yara a sake suke. Abin da ya kuɓuce musu shi ne ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, ɗaya daga manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, kuma daga yammacin Laraba har daren Alhamis mota ba ta yankewa a bakin titin garin. Direbobi da 'yan kamasho da fatake suna tsayawa sallah da cin abinci. Ita ce ranar da fura da awara da dafaffen ƙwai ke ƙarewa a faranti har a koma gida a sake ɗebowa.

Makonnin farko ajin ya cika, kusan talatin, da ɗokin sabon abu da na biskit. Da aka shiga yankan riɗi sai aka fara zarewa. Da zoɓo ya nuna a Nuwamba, Malama takan zauna da yara biyar ko shida, ƙananan da ba su isa talla ba. Rahoton da aka rubuta a kan lamarin ya ɗora laifin a kan ƙarancin wayewar iyaye, ya ba da shawarar a ƙara wayar da kai. Wannan jumla an rubuta ta a kan ƙauyukan Arewa har ta gaji, kuma amfaninta ɗaya ne: tana hutar da mai rubutun daga tambayar mutane dalilinsu.

Lissafin uwa

Malama ce ta tambaya, ba don tana cikin aikinta ba, sai don gorin da aka fara yi mata cewa tana karɓar kuɗin banza. Ta bi gida-gida. A wani gida ta tarar da mahaifiyar wata yarinya, wadda za mu kira Auta tunda ita ce autar ɗakinsu, tana tace waken suya.

"Inna, kwana biyu ba mu ga Auta ba."

"Malama, ke ma uwa ce. Abin da nake sayarwa ranar Alhamis ba na sayar da shi a kwana shida. Ga zubi yana jirana ranar Juma'a. In ta wuni a wajenki, ke za ki yi mata kayan ɗaki? Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Maganar ke nan a dunƙule, kuma kusan kowane ɗaki ita Malama ta ji. Matan garin galibi a kulle suke. Sana'arsu a tsakar gida take, kasuwarsu kuma a kan 'ya'yansu. Uwa ta dama fura ko ta soya awara, yarinya ta kai wa mai saye. In ba yarinyar, sana'a ta tsaya cak. Ribar takan rabu biyu. Kaso ɗaya ya tafi a abin da cefanen maigida bai kai ba, manja da sabulu da kuɗin niƙa, ɗaya kuma ya shiga adashi. Adashin nan na kayan ɗaki ne. A faɗe, gado da katifa na uba ne, kwanuka da tukwane da kayan jere na uwa; a aikace, in damina ta yi gardama, mafi yawansu kan uwa suke komawa. Ranar jere mata ke zuwa su ƙirga da ido, kuma yarinyar da aka kai da ɗaki fayau za ta sha gorin kishiya da na dangin miji shekara da shekaru. Ban da gori, kayan nan dukiyarta ce ta kanta. In aure ya mutu da su take fitowa, in ciwo ya zo su ake ɗagawa a sayar. Uwar da ta fifita faranti a kan allo tanadi take yi wa 'yarta, ta hanyar da ta gada kuma ta ga tana aiki.

Wannan bai wanke talla ba. Yarinya mai shekara 13 da ke yawo tsakanin manyan motoci bayan magariba tana cikin haɗarin da kowa a garin ya sani ba a dai faɗa. Amma wanda zai sauke farantin nan dole ya zo da amsar tambayar Inna, in ba haka ba wa'azi kawai ya yi ya tafi.

Akwati mai kwaɗo uku

Amsar daga wata dattijuwa ta fito, yayar mahaifin Auta, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo. Ta yi aure a ƙasar Damagaram shekaru masu yawa, mijin ya rasu ta dawo gida, kuma ita ce uwar adashin unguwar. A can ta zauna cikin irin ƙungiyoyin da ake kira Mata Masu Dubara, tsarin ajiya da rance da ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a 1991, daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Bambancinsa da adashi a fili yake. A adashi mutum ɗaya ke kwashe zubi duk zagaye, amana kuma a hannun uwar adashi take. A wannan kuwa kuɗi na taruwa ne a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku daga gidaje daban-daban, akwatin yana kwana a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai buƙata ta karɓi rance ta biya, a ware ɗan asusun taimako don haihuwa ko jinya, in shekara ta zagayo a fasa a raba gwargwadon zubin kowa.

Gwaggo ta ce a dawo da zaman tsakar gidanta, gindin darbejiya, inda namiji ba ya wuce zaure. Ta ce a bar wa mutane Alhamis ɗinsu, a koma Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sannan ta kawo sharaɗin da ya ɗaure komai: a kafa akwati na iyaye mata, amma ba mai shiga sai wadda 'yarta ke zuwa zaman, kuma kowace yarinya a buɗe mata shafi da sunanta a littafin, abin da aka zuba a can ko na kayan ɗaki ne ko na makaranta, tsakaninta da uwarta. Wadda 'yarta ta yi fashi ba dalili ta biya tara. Akwai littafi kuwa dole a samu mai rubutu, kuma a cikin iyayen babu. Nan take karatun yarinya ya zama abin da uwa ke buƙata ranar Juma'a mai zuwa, ba alkawarin aikin gwamnati na shekara goma ba.

Dattijuwa ta tara 'yan mata a gidanta ana karatu ba abin da ke tayar wa Bahaushe hankali ba ne. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, inda manyan mata da aka yarda da su, waɗanda ake kira jaji, ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu su koma su koyar. Liman da ya yi shiru a kan ajin bayan gari, da aka koma gidan Gwaggo matarsa ya fara turowa.

Shi ne kuma ya kawo gyara na farko. A tsarin da Gwaggo ta sani, mai rance takan biya da ɗan ƙari, ƙarin ne ribar da ake rabawa. Liman ya ce ƙari a kan bashi riba ne, ba ya halatta ko da mata ne suka yarda a tsakaninsu. Aka cire shi, aka rasa ta inda akwatin zai haifu. Canjin kuɗi ne ya warware musu, ba da niyya ba. An fara zubi a Disambar 2022 da ɗanyen kuɗin zoɓo, sai ga wa'adin Babban Banki na daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen Janairun 2023, wanda aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Akwati cike da tsofaffin kuɗi, ba wadda ke da asusun banki, layin bankunan Gumel kuwa ba na mace mai goyo ba ne. Suka yanke shawarar a juya kuɗin zuwa wake tun masu hatsi na karɓa. Aka zuba shi a buhunan PICS masu leda biyu a ciki, waɗanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba, aka jingine a ɗakin Gwaggo. Kafin lokacin shuka farashi ya ɗaga, suka sayar da riba ta halal. Sa'a ce ta fi dabara yawa a wannan karon, domin akwai shekarar da mai ajiya ke faɗuwa, amma daga nan hanya ta buɗe: rance ba ƙari, riba kuma daga saye da ajiya da kiwon ragunan layya.

Abin da ake koyo a gindin darbejiya

Zoɓo bai daina nuna ba don an canza rana. Jigawa na sahun gaba a nomansa a Najeriya, mafi yawan wanda ake fitarwa Meksiko yake tafiya, kuma kafin ya kai can sai ya bi ta hannun mata da 'yan mata, su ke raba jan furen da ƙwallon gurguzu ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin yatsa. Hannu ya rine ja, ƙaiƙayi ya hana barci, ana biya da kwano, kuma sau da yawa sai mai gona ya kai kasuwa ya dawo. Malama ba ta yi takara da shi ba. Ta ce kowa ta zo da nata. Sai a zauna a kewaye, hannu yana ɓara baki yana lissafi: kwano bakwai jiya, biyar yau, nawa ke nan, in kwano kaza ne nawa za ki karɓa. Kafin a tashi kowa ta wanke hannu ta rubuta a littafinta rana da adadi da sunan mai gona.

Ranar biya ta farko bayan haka an ɗan yi ƙura. Wani mai gona ya aiko ƙaninsa da kuɗin gidaje uku, Auta ta buɗe littafi ta ce saura na kwano huɗu. Yaron ya ce haka aka ba shi. Ta karanto masa ranakun ɗaya bayan ɗaya, har da ranar da aka kawo buhun da ya jiƙe. Ya koma, bayan la'asar ya dawo da cikon. Ba lallai mugunta ba ce, mantuwa ma tana cin haƙƙin wanda ba ya rubutu. Abin lura shi ne labarin ya zaga unguwa kafin isha, kuma Juma'ar da ta biyo sai da aka aro tabarma.

Darasin jiki ta ƙofar fiƙihu aka shiga da shi. Babin haila da tsarki yana cikin Ahalari da yaran ke ji a Islamiyya, sai dai malami namiji kan wuce shi da gudu, su kuma kai a ƙasa. A nan matar liman ta karanta shi a tsanake, Malama ta ɗora da abin da littafin bai faɗa ba: ƙirga kwanaki, ciwon mara, ɗinka ƙunzugu da yadin auduga tunda audugar kanti ta fi ƙarfin aljihu, da shanya shi a rana maimakon cusa shi ƙarƙashin katifa da danshi. An yi maganar ƙarancin jini, wanda binciken 2018 ya samu a jikin kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49, da abin da ke tsakar gida na maganinsa, zogale da wake da yakuwa. Da yake su ke rainon ƙanne, an koya musu haɗa garin gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da duba ranar lalacewar magani a jikin kwali.

Wanda yaran suka fi so shi ne wasan kwaikwayo. Ɗaya ta ɗaura rawani da ɗankwali ta zama direba, ta ce a miƙo mata furar cikin mota, ko a biyo ta ɗaki a karɓi canji. Ana dariya, amma ana maimaita amsa har ta zauna a baki. Daga nan suka kafa wa kansu doka: talla bibbiyu, ba shiga mota, ba shiga shago, a dawo kafin kiran magariba, kuma duk abin da ya faru akwai wadda za a faɗa wa ba tare da an fara da duka ba.

Shekarar 2023 ta gwada su sosai. Cire tallafin mai a 29 ga Mayu ya ninka kuɗin acaɓa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024, kasuwar Maigatari ta rame, cinikin Alhamis ya bi ta. A daidai nan wa'adin shirin ya cika, alawus ɗin Malama ya tsaya, masu shirin suka ɗauki hoto suka tafi. Matan suka zauna suka yanke mata wani abu daga akwati duk wata, da kwanon gero daga kowane ɗaki in an yi girbi, kamar dai kuɗin Laraba da ake kai wa malamin allo. Bai kai rabin abin da take samu a da ba. A Oktoba kuma aka fara rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Jigawa na cikin rukunin farko, sai raɗe-raɗi ya tashi cewa allurar hana haihuwa ce kuma a gidan Gwaggo za a yi wa yara a ɓoye. Yankin da ya ga ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya tsorata. Malama ta ƙi yarda a yi allura a wurin zaman. Ta gayyato ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta amsa tambayoyin iyaye, ta ce mai so ta kai 'yarta can da kanta. Wasu sun kai, wasu ba su kai ba, zaman dai ya tsira.

Maganar Auta

Bayan kakar wannan shekarar dangin wani saurayi ɗan garin, mai zuwa ci-rani kudu, suka kawo kuɗin gaisuwa, mahaifin Auta ya karɓa. Ba ta cika 15 ba. Ba ƙin yaron take ba, ita da kanta ta ce tana son sa; lokaci take so. A littafin horon da aka ba Malama an rubuta cewa a koya wa yarinya bayyana ra'ayinta ga iyayenta. A wannan gari 'ya ba ta zama gaban ubanta ta yi masa maganar aurenta, wadda ta yi kuwa ta ɓata maganar da bakinta. Abin da aka koya musu shi ne sanin wanda zai ɗauki magana ya kai inda ba za su iya ba. Auta ta faɗa wa Malama, Malama ta faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta bari sai da ƙaninta ya shigo gaishe ta da safe.

Ba ta ambaci doka ba, ba ta ambaci boko ba. Ta tuna masa jinyar da ta taɓa yi a asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, da irin yaran da ta gani a can: doguwar naƙuda, ƙugu bai gama buɗewa ba, kan jariri ya tokare kwana biyu ko uku har ya huda mafitsara, ɗa ya tafi, miji ya tafi. Sannan ta juyo kan aljihu.

"Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin katifa bana? Da tabarma za ka kai ta?"

"Yaya, ni ba kayan ne damuwata ba. Yarinya ta girma tana bakin titi. In wani abu ya faru, ni za a nuna da baki, ba ke ba."

Wannan tsoro nasa ba na banza ba ne, kuma masu shirye-shirye da ke ɗaukar irinsa a matsayin taurin kai suna rasa uban tun kafin su fara. A wurinsa zaɓin ba tsakanin aure da makaranta yake ba, tunda makarantar ba ta kusa. Tsakanin aure da titi ne. Gwaggo ta gane haka, sai ta sayi titin da lokaci. Aka daidaita a kan cewa baiko na nan, amma sa rana sai bayan kaka biyu. Auta ta bar tallan bakin titi gaba ɗaya, ƙanin babanta ƙarami da ke gidan ya riƙa kai awarar, ita kuma ta karɓi rance a akwati ta sayi tunkiya. Ɓangaren saurayin ba su ja ba, don shi ma bai gama ginin ɗaki ba. Malama ta ƙara da shawarar a yi gwajin jini na sikila kafin lokacin, abin da maƙwabciya Kano ta mayar doka a 2024, aka yi, ba matsala.

Auta ba ta shiga sakandare ba. An ɗaura auren da kaka biyun suka cika, tana wajen shekara 17, da gado da katifar da kusan rabin kuɗinsu daga shafinta ya fito. Tana karanta wasiƙar waya, tana rubuta lissafi, ita ke riƙe da littafin akwati, kuma an faɗa a gaban waliyyai cewa ba za a hana ta zuwa ranar Juma'a ba. Mai auna nasara da takardar shaidar kammala makaranta zai ce ba a yi komai ba. A ganina shekara biyu a jikin yarinya mai tasowa ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ba shi aka yi alkawari a takardar shirin ba.

Inda aka tsaya

'Yan kaɗan daga cikinsu sun shiga ƙaramar sakandaren, suna tafiya a ayari, da damina yayan ɗayarsu na rakiya, akwatin kuma na ba da rancen kayan makaranta. Da yawa sun yi aure, waɗanda aka kai wasu garuruwa labarinsu ya yanke. Sharaɗin Gwaggo da ya ceci zaman shi ne kuma ya bar wasu a waje: uwar da ba ta da abin zubi ba ta shiga akwati, 'yarta kuwa, wadda ta fi kowa buƙata, ita ce ba ta zuwa. An yi maganar a yafe wa irinsu zubi, masu zubin suka ƙi. 'Yan matan rugagen da ke kewaye, masu kawo nono da safe, ba a taɓa gayyatarsu ba. Amaren da aka kawo garin daga waje, wasunsu ba su girmi Auta ba, mazajensu ba su cikin waɗanda aka yi magana da su.

Malama ta cike takardar neman aikin koyarwa na jiha, kuma ba mai ganin laifinta. Kwanon gero ba albashi ba ne. In ta samu, duk inda aka tura ta can za ta. Matan sun tsayar da 'yan mata biyu da za ta fara koya wa riƙe allo kafin lokacin. Ɗaya daga cikinsu an riga an kawo kuɗinta daga wani gari.